Silin ɗin tsohuwar tirelata da ya kusa gama da ni

Ranar da na kira gida na ce wa Hajiyarmu na sayi tirela sai da ta yi guɗa a waya, ita a tunaninta irin ta ɗaukar siminti ce, har ta fara maganar a ɗauki ƙanina yaron mota. Da ƙyar na fahimtar da ita cewa wannan ɗaki ne kawai a kan taya, da gado da ɗan kicin da banɗaki a ciki, ka ɗaura a bayan motarka ka ja zuwa bakin ruwa ko daji ku kwana biyu ku dawo. Ta yi shiru sannan ta ce, "To kai da kake biyan kuɗin haya, me ya kai ka sayen ɗakin kwana a daji?" Har yau dai ban samo mata amsa ba.

A Greensboro nake zaune, jihar North Carolina a nan Amurka, garin da 'yan Nijar suka yi yawa har wani lokaci ka shiga shago ka ji Hausa da Zabarmanci na tashi kamar kana Yamai. A watan Maris na 2023 na ga tallar tirelar a Facebook, ƙirar 1994, tsawonta ƙafa 24, takardar jikinta ta nuna a Indiana aka haɗa ta, dama yawancin irinsu daga yankin Elkhart suke fitowa. Dala 3,400 muka daidaita da mai ita. Da na shiga dubawa ƙamshin turaren fesawa ne ya fara tarbata, kuma na lura wani ɓangare na silin ɗin ya fi sauran fari, amma wlh a lokacin zuciyata tana kan firij da murhun gas, na kunna wannan na kashe wancan, kai ko ɗaga hannu ban yi na taɓa sama ba. Araha dai ba ta ado.

Shirinmu shi ne bayan Babbar Sallah a ƙarshen watan Yuni mu fita da yara. Saura kamar sati biyu madam ta shiga shimfiɗa zannuwan gado, sai na ji ta ƙwala min kira, "Abban Hanifa zo ka ga ɗakin naka ya yi ciki." Na shiga na tarar ledar silin ɗin da ke saman teburin cin abinci ta saki ta yi tumbi, faɗinta ya kai na faranti babba, gefenta kuma wani zane ruwan shayi ya fito ta ƙarƙashin farin fentin nan da na gani ranar ciniki.

Bari in ɗan yi bayanin yadda silin ɗin yake don wanda bai taɓa shiga ba. Ba asbesto ba ne ba kuma POP ba. Wani siririn filawud ne da suke kira luwan, kaurinsa bai fi milimita 3 ba, an manna masa leda mai ɗan zane a fuskar da ke kallon ƙasa tun daga kamfani. Kowane falle ƙafa 4 ne da ƙafa 8, an harbe shi da ƙananan ƙusoshi a jikin katakan da suka gitta rufin, waɗanda ni dai azara nake ce musu, inda falle biyu suka haɗu kuma an rufe da wata siririyar roba. A samansa akwai audugar gilashi mai tare zafi da sanyi, da wayoyin wuta, sai wani filawud ɗin na waje, sannan shimfiɗar roba fara wadda ita ce a matsayin kwanon rufi. Duk wannan daga baya na sani, a ranar ni dai leda na gani ta saki, na ce ai gam ne maganinta.

Na je shago na sayo gam na fesawa mafi araha, na tsaga ledar da reza, na fesa, na danne da tafin hannu, ta kwanta luf. Na kira madam na nuna mata ina wani hura hanci. Kwana tara ta yi. Rana ta goma da aka kwaɗa zafin nan na Yuli mai haɗe da gumi, na buɗe ƙofa na tarar ta sauko gaba ɗaya tana reto, gam ɗin ya koma kamar narkakkiyar alewa yana zare, har ya ɗiga a kan kushin. Gyaran gangar Auzinawa kenan, tafiyar bayan Sallah kuma dama tuni ta sha ruwa don madam ta ce ba za ta kwantar da yara inda take jin warin danshi ba.

Akwai wani dattijo maƙwabcina Bature, tsohon kafinta ne da ya yi ritaya, kullum yana zaune a barandarsa yana kallon duk abin da nake yi ba ya cewa uffan. Ranar dai ya kasa haƙuri ya tako ya shigo, ya kalli sama, ya ce in miƙo masa sukundireba. Ya ɗan soka a jikin filawud ɗin, wallahi shigewa ta yi kamar ka soka cokali a tuwon da ya kwana. Ya matsa gaba taku ɗaya ya soka, nan ma haka, sai a na uku ta tsaya. Ya ce min ledar ba ta da laifi, katakon da take riƙe da shi ne ya ruɓe, kuma in bar ɓata kuɗina a ƙasa in hau sama. Ya ƙara da cewa ko da katakon lafiya lau yake wancan gam ɗin ba zai riƙe ba, don ita irin wannan leda akwai wani maiƙo da ake sa mata don ta yi laushi, da zafi ya buga sai maiƙon ya fito ya narkar da gam ɗin da ba nata ba. A raina na ce ashe kitso na yi da ƙwarƙwata.

Abin da ya ba ni haushi da kaina shi ne ni fa a gidan ƙasa na tashi a Zariya, kowace shekara kafin damina sai an hau soro an yi yaɓe an gyara indararo, ba wanda yake tsayawa shafa farar ƙasa a cikin ɗaki alhali sama na yoyo. Amma da yake wannan na Turawa ne sai ƙwaƙwalwata ta tafi hutu.

Na jingina tsani na hau, na ɗora falanki mai faɗi ina takawa a kai don kar ƙafata ta burma, robar rufin ta tsufa tana fitar da farin gari kamar alli, wandona duk ya yi fari fat. Saitin inda silin ya lalace na duba na sake dubawa, babu ko tsaga ɗaya. Nan dattijon ya koya min dabarar tiyo: mutum ɗaya a ciki da tocila, ɗaya a sama yana zuba ruwa, kuma ba feshi za ka yi ko'ina ba, wuri ɗaya za ka tsaya wajen minti goma ko fiye, ka fara daga gefen da ya fi gangara kana hawa a hankali, in ba haka ba ruwan zai bi ko'ina ka rasa ta inda ya shiga. Madam ce a ciki. Mun fi awa muna abu ɗaya, ina ihu "Ya zo?" tana cewa "Babu," har ta fara cewa girkinta zai ƙone, sai da na kai kan 'yar tagar iska ta saman banɗaki sannan bayan wasu mintuna na ji ta ce, "Tsaya tsaya, ga shi nan yana ɗiga a kan tebur!" Tsakanin tagar nan da teburin ya kai ƙafa biyar. Ashe ruwan shiga yake ta gefen tagar, ya sami azara ya kwanta a jikinta, da yake filin da nake ajiye tirelar ya ɗan karkata sai ya gangara can ya taru.

Wani a baya ya laɓta silikon a kewayen tagar, irin na banɗakin gida, ya yi tudu kamar an yi da gaske amma da na sa yatsa sai ya ɗago baki ɗaya kamar ɓawon ayaba, ƙarƙashinsa jiƙe sharkaf. Silikon ba ya kama wannan roba da kyau, kuma mugun halinsa duk inda ya taɓa wani abu ba ya ƙara kamawa sai ka kankare shi tas. Saura ƙiris in ɗauko fetur in goge wurin yadda muka saba a gida, dattijon ya daka min tsawa daga ƙasa, ya ce fetur da kalanzir kumbura robar suke ta saki. Da abin kankara na roba da ruwan sabulu na yi ta fama, yini guda cur. Na kwance sukurorin tagar, rabinsu sun yi tsatsa sun cinye, na ɗaga ta, ramin inci 14 ne ta kowane gefe kamar yadda yake a kusan duk tirelolin nan, don haka samun sabuwa bai yi wuya ba. Na shimfiɗa tef ɗin butil mai kama da cingam a ƙarƙashin bakinta, na ɗaure da sababbin sukurori, na bi kansu da gefen da man toshewa na Dicor wanda in ka matsa yake bajewa da kansa. Can baya kuma na ga inda reshen bishiya ya yagi robar kamar tsawon yatsa, na manna masa tef ɗin Eternabond na murje. Tunda na riga na hau sai na leƙa na'urar sanyaya ɗaki, ita dogayen noti huɗu ne suke riƙe da ita daga ciki da soso a tsakani, na tarar biyu sun yi sako-sako na ɗan ƙara musu, ba da ƙarfi ba don in ka matse soson ya mutu wani yoyon ka jawo.

Bayan kwana biyu muka maimaita tiyo, ko ɗigo. Sai a lokacin na dawo ciki, inda ainihin wahalar take.

Na cire wayar wutar gida, na cire kan batir, na rufe tukunyar gas. Na bi silin ɗin kaf ina dannawa da babban yatsa ina yin alama da fensir, sai na ga ciwon kala uku ne. Akwai ƙananan ƙuraje inda ledar ta ɗan kumbura amma katakon garau, akwai wajen ƙofa inda ta ɓare daga baki ta nannaɗe shi ma katakon da ƙwarinsa, sai kuma na saman tebur wanda ba shi da magani sai yanka.

Ƙurajen su ne masu daɗin aiki. Sirinji na samu mai babbar allura na zuƙi gam na leda, in huda gefen ƙurjin in tura kaɗan, in ɗumama wurin da abin busar da gashi na madam, wanda har yau ba ta san na ɗauka ba sai in ta karanta wannan, in murza da yatsa daga gefe zuwa wajen hujin iska ta fita, in goge wanda ya tsatso, sannan in tokare da ɗan katako mai laushin fuska da sanda tun daga ƙasa ya kwana a haka. Guda goma sha ɗaya na yi, tara sun kwanta kamar ba a taɓa yi ba. Zafin dai kaɗan ake so, na farko na matsa masa da yawa ledar ta yi ƙyalli ta ɗan tattare, yana nan har yanzu kusa da kabad.

Na bakin ƙofa kuma sai da na kankare tsohon gam ɗin da ya zama gari a bayan ledar da jikin katakon, na goge da tsumma, sannan na fesa 3M mai lamba 80 wanda aka yi shi musamman don roba da leda, fuska biyu, na jira ya sha iska har in ka taɓa da bayan yatsa yana kamawa amma ba ya biyo ka. Daga ciki na fara kwantarwa ina turowa baki da ɗan abin murzawa. Shi irin wannan gam ba ya san wasa, inda ya taɓa nan ya zauna, in ka ce za ka ɗago ka gyara to ledar shekara talatin yagewa za ta yi.

Yankan babban wurin ne ya nuna min iyakata. Na ɗauka zan zare fallen gaba ɗaya in sa wani, ashe a kamfani silin ɗin a kan bango da kabad-kabad yake zaune, bakinsa ya shige ciki, ba ya zaruwa sai dai ka bi gefen bango ka yanke. Dattijon ya ara min ɗan injin yanka mai karkarwa, ya ce kar in bar bakin ya shiga fiye da kaurin filawud ɗin saboda wayoyi. Na ce to. Minti biyar ban yi ba na datse wayar fitilar kicin, Allah ya taimake ni na riga na cire batir. Da fallen ya sauko kuwa, tab, abin ba kyan gani. Audugar da asalinta ruwan hoda ce ta koma baƙa ƙirin, ta jiƙe ta yi nauyi kamar tsohuwar katifar da aka bari a ruwa, ga fumfuna, ga sheƙar ɓera da ɓawon 'ya'yan itace da ya tara, duk suka zubo min a ka. Takunkumi da tabarau na sa amma na yi gangancin barin hannuna a waje da 'yar singileti, daren nan ban yi barci ba, ƙaiƙayin ya fi na ranar sussukar gero. Duk mai shirin wannan aiki ya sa riga mai dogon hannu, in ya gama kuma ya fara wanka da ruwan sanyi.

Azara ɗaya ta ruɓe wajen ƙafa biyu, in ka matsa tana marmashewa. Na sassake ruɓaɓɓen har na kai ga mai rai, na yanko sabon katako da ya zarce wurin ta kowane ɓangare, na shafa gam na katako na haɗa su gefe da gefe na ɗaure da sukurori. Sauran na wanke da ruwan bilic na bar su.

Daga nan sai jira, wanda shi ya fi ci min rai. Dattijon yana da 'yar na'ura mai haƙora biyu da ake sokawa a katako ta faɗi yawan danshi, ranar farko ta haura 30, ya ce kar in kuskura in rufe sai ta sauko ƙasa da 15. Ga iskar North Carolina a watan Agusta ita kanta jiƙaƙƙiya ce, ka shanya tawul ya wuni bai bushe ba. Na sa fanka da injin tsotse danshi dare da rana, kullum in na dawo aiki kafin in cire takalmi sai na je na soka, 26, 22, 19, ta zo ta maƙale a 17 kwana huɗu kamar da gayya. Sau biyu ina cewa a rufe kawai, madam ta ce, "Ka manta kwana taran nan ko?" Sai rana ta goma sha shida muka ga 13.

Ledar da ta yi daidai da zanen 1994 kam babu ita, na yi yawo har na gaji. A ƙarshe na sayi sabon luwan da yadi uku na ledar da ake yi wa kujerun jirgin ruwa, faɗin inci 54, launin madara. Wayon da na yi a nan, kuma shi kaɗai ne nawa na kaina, shi ne na fara fitar da siffar wurin a kwali, da lanƙwasar kabad da ramin fitila, na kwafa a kan filawud ɗin na yanka, na gwada shi a sama sau uku ina ragewa, sannan na sauke shi a garejin dattijo na manna ledar a ƙasa inda nauyinta ke taimakona maimakon ya yaƙe ni. Bayan fallen ma na shafa masa fenti don ko gaba.

Ranar ɗagawa na kira wani abokina ɗan Maraɗi da muke sallar Juma'a tare. Yana shigowa ya kalli sama ya ce, "Kai Malam, wannan plafon ai ya mutu, mi kake nema da shi?" Na ce Alhaji kama min dai. Shigar da fallen ta ƙofar nan mai faɗin ƙafa biyu ma sai da muka yi kamar za mu yi faɗa, shi yana cewa a juya hagu ni ina cewa dama, muka lanƙwasa shi a hankali ina jin yana ƙara ina salati. Na riga na gyara wayar da na datse, na cusa sabuwar auduga, na yi alamar inda kowace azara take da tef a jikin bango don in an rufe ba ka ganinsu. Muka shafa gam a azarun, muka ɗaga, muka tokare da sanduna biyu da na yi musu kai kamar harafin T na naɗe da tsohon tawul, na bi baki-baki da bindigar ƙusa inda robar haɗi za ta rufe. Wuyana sai da ya yi kwana uku ba ya juyuwa.

Tsugune ba ta ƙare ba, don da aka cire sanduna sabon ya fito tas, tsohon kuma kusa da shi ya zama kamar haƙoran mai cin goro. Wanki da sabulu ya rage amma tabon ruwan nan ko gezau. Na shafa wa tsohon farar share fage ta Zinsser B-I-N wadda ke danne tabo, na fara gwadawa a lungu, da ta bushe na manna tef na fizge na ga ba ta biyo ba sannan na yi sauran. Warinta kamar sifirit ne mai hawa kai, tagogi duk a buɗe, gas a rufe. Na kai guntun sabuwar ledar shagon fenti suka haɗa min launi daidai da ita, na yi shafi biyu da ƙaramin rola. Da na lissafa rasit gaba ɗaya har da gam ɗin asara da kushin da aka wanke, dala 430 da 'yan kai.

Sai a watan Oktoba muka samu fita, tafkin Jordan muka je, tafiyar awa ɗaya da 'yan mintuna daga gida. Daren farko wajen ƙarfe biyu aka sako ruwa, yana dukan rufin kamar ana watsa tsakuwa, yara na ta minshari, ni kuwa na miƙe da tocilar waya ina bin silin ina shafawa da bayan hannu, saman tebur, gefen tagar banɗaki, bakin ƙofa, in koma in kwanta in sake tashi. A zagaye na uku madam ta ce daga cikin bargo, "Abban Hanifa don Allah ka kashe fitilar nan, in ya ɗiga ai a kaina zai fara." Da safe na sake bi, a bushe. Wurin nan da na ƙona da abin busar da gashi ne kawai ke tsone min ido, shi ma Hanifa ta hau kujera ta liƙa masa sitikar tauraro da aka ba ta a makaranta, ta ce kar wanda ya cire.